Sabon Inji a Tsohuwar Katirel

Dogon Dutsi

Zuwa ga ɗana Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a Lome, Allah ya ƙara buɗi a kasuwa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, geron gonarmu ta Matankari kuma ya yi kai, sai godiya.

Na zaɓi takarda ne don a waya kana cika ni da dariya har in manta abin da ke raina. Maganar motata ce, Katirel. Na je zaman makoki Matankari kwana tara, na dawo na tarar ƙanenka Huzaifa ya kai ta garaji, an ciro injinta an dasa wani ƙato da ka aiko. Da ya ƙi shiga, sai suka yanke ƙarfen gabanta suka yi walda. Huzaifa har washe baki yake, wai kai ka ce a ɓoye mini sai an gama, don in yi murna, tunda ko jaki yana wuce ni a hanya. To, ka ji daga bakina, ban yi murna ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Shekara talatin da shida ina tare da motar nan, tun ina malamin dabbobi ina zagaya ƙauyukan Arewa. Ba makanikin da ya taɓa sa mata hannu. In ta yi tari, na san buji ne, wato fulogi, ko ƙasa ce ta shiga mai, in gyara abata a gindin gawo in wuce. Ba ta gudu, gaskiya ne, amma ina zan je da nake sauri? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu gabanta ya yi nauyi, da ta taɓa rairayi sai ta kafe, birkin kuma ba ya riƙe ta. Garin neman gira an rasa ido. Ranar kasuwar Kore Mairuwa ta mutu mini a tsakiyar mutane. Na buɗe gaba na tarar da wayoyi da wani baƙin akwati, ban san inda zan sa hannu ba. Mutanen da nake gyara wa babura kyauta suka taru suna yi mini sannu. Wani ya ce in koma inuwa in zauna, a kira wanda ya iya. Na koma na zauna, Jalaluddeen.

Washegari na ce wa Huzaifa a mayar mini da tsohon injina. Ya sunkuyar da kai ya ce ai an sayar wa masu awon ƙarfe, sun farfasa shi sun loda a babbar mota. Na miƙa masa makulli na ce motarku ce, kai da wanka Jalaluddeen. Babur ɗin kabu-kabu nake hawa yanzu.

Na san alheri ka nufa, kuma ban yi maka baki ba, Allah ya yi maka albarka. Amma nan gaba in za ka yi mini alheri, ka tambaye ni tukuna, da raina ban mutu ba.

Ka gaida matarka Khairiyya da jikata Afra'u. Mahaifiyarka da Gwaggo Kaltume suna gaishe ka. In ka san mai bukatar akwatin sufanu a can, ka faɗa mini in aiko, ni ba ni da abin kwancewa.

Mahaifinka,
Umaru