Kafar Gindin Katanga

Zongo, Wagadugu

Zuwa ga maigidana Sayibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman garin Bobo? Kausara tana gaishe da babanta.

Wani abu ya faru, gara ka ji shi daga gare ni. Ka san 'yar kafar nan ta gindin katanga tsakanin lambunmu da gidan Rasmane, wadda mahaifinka Baba ya hana a toshe domin bushiyoyi ta nan suke bi su cinye mana tsutsa da kunamu. Ranar Talata da safe Rasmane ya liƙe ta da siminti, wai suna shanye masa ƙwan kaji. Ashe wata bushiya ta haihu a tarin busasshen ganyen da muke bar musu a gindin lemo. 'Ya'yan suna wajenmu, uwar ta fita kiwo, siminti ya rutsa da ita a can.

Baba ya dogara sandarsa ya je roƙo, a buɗe kafar har a yaye su. Rasmane ya ce tsufa ne ke damun Baba. A gabansa ya tono wata bushiya daga bayan akurki. Ka san halinta, ba ta gudu, dunƙulewa take yi. Ya yi ta saranta da shebur har ta warware, ya jefo mana gawar cikin yakuwa. Baba ya riƙe masa hannu, Rasmane ya hankaɗe shi, ƙeyar Baba ta bugi bulo. Ƙaninka Zakari yana jin ƙarar ya haura katanga da fartanya. Bugun farko ya karya wa Rasmane hannu, na biyu ya tsaga masa goshi.

An yi wa Baba ɗinki, Rasmane yana asibiti, Zakari yana tsare a komisariya wajen 'yan sanda. 'Ya'yan bushiyar sun ƙi madarar da nake ɗiga musu, ɗaya ya mutu. Baba ba ya tambayar ɗinkinsa, su kawai yake tambaya. Ina jin tsoro, Sayibu.

Ka huta lafiya.
Matarka,
Rokia

Zongo, Wagadugu

Baban Kausara,

Sallama da fatan alheri. Ya jiki, ya haƙuri da mu? Liman da mai unguwa sun shiga maganar Zakari, sun ce kada ka bar aikinka tukuna.

Jiya ina ban ruwa, Balkisu matar Rasmane ta kira ni ta kan katanga. Na zaci zagi ne. Ta ce wadda mijinta ya kashe ba mai jegon ba ce. Mai jegon tana ƙarƙashin bahon wankinta tun Talata, ta ga nonuwanta ta gane, tana ba ta ruwa da gara. Ta ce in matsa. Da taɓarya ta fasa simintin daga ɓangarenta, ta ɗauko bushiyar ta ajiye a wurin.

Bushiyar ta daɗe a dunƙule a bakin kafar, sannan ta miƙe, ta bi gefen kunya zuwa gindin lemo. Baba yana zaune a tabarma da bandeji a kai, yana kallonta, ranar har ya ci tuwo.

Na tambayi Balkisu ko Rasmane ba zai sake liƙewa ba in ya dawo. Ta ce zai liƙe, amma sai hannunsa ya warke, kuma kafin nan an yaye su.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.
Taka,
Rokia