Famfon Malam Illo Ya Lalace Tun Da Aka Hana Inna Zuwa Garka

Tanti Zalika, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure kuma matan unguwa sun hana ni sakat. Ki ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ke zaune a layinmu na unguwar Talladjé zai gane ni kafin ya kai rabin takardar nan.

Ni malamar lekol ce, wato makarantar boko, ƴar Maradi, aure ya kawo ni Yamai. Bayan rasuwar Babanmu, da Inna ta fita takaba, ni da yayana Nazifi muka ɗauko ta muka kawo ta gidana. Tanti, Inna fa, matar da in ta yi magana a tsakar gida ana jin ta har bakin titi, ta zo ta zama kamar buhun gero a kusurwar ɗaki. Ba ta fita, ba ta cin abinci sai an yi da gaske, ga tansiyo, hawan jini kullum. Likita ya ce ta riƙa taka ƙasa tana motsa jiki. Ta ce in koma in tambaye shi ko ya taɓa ganin tsohuwa mai hankali tana zagaya unguwa ba ta da inda za ta.

A bayan gidanmu akwai wani fili da ba a gina ba, na wani ɗan kasuwa da ke zaune a Kotonu. Nan kowa ke zubar da shara. Baƙar leda ta rataye a kowace ƙaya, awaki na kiwo a kai, da damina kuwa sauron da ke fitowa daga wurin sai ka ce an aiko shi da sunanka. Mu matan layin muka gaji, muka je wurin mai unguwa. Ya kira mai filin ta waya, shi kuma ya ce mu yi abin da muka ga dama da wurin har ranar da zai yi gini. Muka kwashe shara, muka sayo wayar shinge da itatuwa a kasuwar Katako muka kewaye, muka ja fangali-fangali kowace ta ɗauki nata. Salati, shu (wato kabeji), yakuwa, tumatir, zogale. Wurin da da ake toshe hanci a wuce, ya zama nan muke hira da la'asar.

Inna ta ƙi ko leƙawa. To ni na san halin uwata, ba ta iya ganin ana ɓata aiki ta yi shiru. Sai na zaɓi fangalin da ke daidai tagarta, na shuka zogale a cunkushe, na riƙa kwarara masa ruwa da tsakar rana ina waƙa. Ba a daɗe ba sai ga ta ta fito da zane a ɗaure a ƙugu, ta fizge kalme, ƴar fartanyata, daga hannuna tana cewa ta yi asarar tarbiyya. Tun daga ranar, ita ce ta fari a shiga garka, ita ce ta ƙarshe a fita. Ta koma cin tuwo har da neman ƙari. Likita ya auna ta ya ce ko me muke ba ta, mu ci gaba.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne Malam Illo. Katangarsa ce ta yi iyaka da garkar. Tsohon direban babbar mota ne, mutumin Tahoua, matarsa ta rasu da daɗewa, ƴaƴansa duk sun yi gidajensu. Yana da foraj a gidansa, wato rijiyar burtsatse mai famfo, kuma shi da kansa ya zuro mana tiyo ta kan katanga, ya ce mu sha mu ba shuka, sadaka ce. Muka ba shi fangali ɗaya don godiya, ya shuka albasa.

Da faɗa suka fara. Ya ce mutanen Maradi ba su san komai ba sai ganye, kamar awaki. Inna ta ce masa, "Wanda ya ƙare rayuwarsa a zaune bayan sitiyari, yau shi zai koya mini ƙasa?" Kullum da safe sai sun yi, a kan taki, a kan tazarar shuka, a kan wa ya bar ƙofa a buɗe. Ni har tausayin dattijon nake ji, ina ba shi haƙuri a ɓoye. Ashe ni kaɗai ce a duhu.

Maƙwabciyata Balkissa, Bazabarma mai idon gani, ita ta fara jan hankalina. Ta ce in duba da kyau, wane irin mutum ne ke sa farar riga mai guga da turare don ya zo watsa kashin awaki? Na duba. Na kuma duba Inna, sai na ga lalle a ƙafa, kwalli a ido, da sabuwar atamfar da na saya mata don sallah, ita take ɗaurawa zuwa ban ruwa. Sannan tiyon nan, in ya iso fangalin Inna sai ya manta da hanya. Zogalenta ya yi kore shar har yana ƙyalli, shu ɗin Balkissa kuwa yana can ƙarshen layi yana hamma. Albasa ta riƙa shigowa gidanmu kwando-kwando, har na rasa wanda zan ba.

Ana haka Malam Illo ya aiki ƙanensa wurin Yaya Nazifi da maganar neman aure, cikin mutunci, yadda ake yi. Yaya Nazifi yana aiki a wani buro, wato ofis, a unguwar Plateau, irin mutanen nan ne da ke sa kwat ko da rana na narka kwalta. Ya ƙi maganar ya sallami ɗan aiken, ya zo gidana ko motar bai gyara wa tsayuwa ba. Ya ce ni na jawo, ni da garkata. Ya ce mace mai jikoki, me za a ce da shi a wurin aiki, da wane ido zai kalli dangin Baba. Ya yanke hukunci: ko Inna ta bar shiga garka, ko ya mai da ta Maradi. Inna tana zaune tana ji. Ta tashi ta rataye butar ban ruwanta a ƙusa, ta shiga ɗaki ta ja labule.

Washegari famfon Malam Illo ya lalace.

Tanti, mutumin da ke ba mu labarin yadda yake kwance injin babbar mota a tsakiyar daji ya mai da shi da hannu ɗaya, shi ne yau ya ce wannan ɗan famfon ya gagare shi, wai sai an aiko da wani ƙarfe daga nesa. Alhali mangwaron gidansa ko ganye ɗaya bai yi yaushi ba, kuma muna jin ƙarar ruwa ta bayan katanga in zai yi alwala. Ga bazara ta kama. Muna sayen ruwa wurin ƴan garuwa, amma ina zai isa? Salati ya kwanta, tumatir na zubar da fure. Wasu matan sun fara cewa gara a bar wurin, har na ga an soma jefo leda ta kan waya.

Jiya matan suka yo tawaga zuwa gidana, Balkissa a gaba. Ta ce, "Ke dai ku ba shi tsohuwar nan mu samu ruwa, ai ba yanka ta zai yi ba." Mijina kuwa ya ce shi ba ya shiga maganar surukarsa, amma ina jin shi yana dariya shi kaɗai a bayan gida.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni ma zuciyata ba ɗaya ba ce. Wata safiya kafin wannan rikici na ji dariyar Inna ta tsallako katanga, irin dariyar da Baba kaɗai ke iya fito da ita. Na tsaya a madafa da ludayi a hannu na yi ta kuka, ban san ko na murna ba ne ko na kishi. Yanzu kuma ta koma kusurwarta, an kai mata abinci an dawo da shi. In na bi Yaya Nazifi, ina tsoron in rasa ta a zaune. In na saɓa masa, shi ne babba, kuma bai iya fushi kaɗan ba. Ga garka na mutuwa, ga mata na hararata. Me zan yi?

Ɗiyar Mai Zogale, Talladjé

*

Ɗiyata, na karanta takardarki na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya, sannan na kai wurin ludayin nan dariyar ta ɗauke. Allah ya ji ƙan Babanku.

Magana biyu ce kuka cakuɗa, ta ruwa da ta aure, kuma sai kun raba su kafin ɗaya ta warware.

Ruwa tukuna. Famfon Malam Illo ba ƙarfe yake jira ba, ni da ke da Balkissa duk mun sani. Na fahimci zafin da ya ji, an mai da ƙanensa hannu wofi kamar wanda ya zo roƙon abin kunya. Amma abin da ya yi ba daidai ba ne. Ya ce sadaka ce, kuma ba a janye sadaka don an ɓata wa mutum rai. Matan da salatinsu ya kwanta ba su suka hana shi aure ba. Ku sami mai unguwa ko liman, mutum ɗaya mai sanyin baki, ya je ya gaya masa a asirce cewa duk unguwa na kallo, har da wadda yake so, kuma babu macen da ke sha'awar namijin da ke horar da tumatir don ya huce haushi. Kada a ce masa ya yi ƙarya. A bar masa ƙofar da zai fito ya ce ƙarfen ya iso. In ya saki ruwa ba tare da an yi masa alkawarin komai ba, kin sami shaida babba a kan halinsa. In ya ƙi, ita ma shaida ce, kuma gara ku gan ta yanzu.

Ku kuma matan garka, wannan ya zama darasi. Garkar mutane da yawa ba ta rataya a kan zuciyar mutum guda, balle zuciyar da ke cikin soyayya. Ku nemi hanyar ruwa ta biyu, ko tanki ne ku haɗa hannu ku ajiye, ku tsara yadda tiyo zai riƙa zagayawa ana farawa yau daga wannan gefe, gobe daga wancan. Ku rufe shuka da ciyawa ko buhu saboda zafin nan, ku yi ban ruwa da sassafe. Ki gaya wa Balkissa ina gaishe ta, idonta ya yi aiki, amma ba a musayar uwar mutane da shu.

Sai yayanki. Kada ki ɗauke shi mugu. Maganar buro da dangin Baba riga ce kawai ya sa wa abin. Ciwon da ya tsayar da ke a madafa, shi ne ya sa shi ihu a tsakar gidanki. Ke kin yi kuka, shi ya yi doka. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban matarsa ba, ki fara da gaya masa naki kukan kafin ki kawo hujja. Sannan ki tuna masa yadda Inna take kafin garka da yadda ta koma yanzu, in ya so ku tafi wurin likitan tare ya ji da kunnensa. Auren bazawara ba abin kunya ba ne, a addini ko a al'ada, liman zai tabbatar masa. In yana son ya yi aikin babban ɗa, ga aiki: ya binciki mutumin, lafiyarsa, zamansa da marigayiyar matarsa, ra'ayin ƴaƴansa, inda Inna za ta zauna. In akwai kawunku a Maradi, ku sa shi a ciki, akwai maganar da ɗa ba ya iya yi da uwarsa sai ɗan'uwanta. Amma hana ta garka, wannan ba ya cikin ikon kowa. Ko da aure ko babu, ta koma wa shukarta, lafiyarta ce.

Abu ɗaya ya fi ba ni mamaki a takardarki. Na ji ra'ayin Nazifi, na ji na Balkissa, na ji na Malam Illo ta bakin famfonsa, har dariyar mijinki na ji. Ban ji wanda ya tambayi mai maganar ba. Mai yiwuwa tana son auren. Mai yiwuwa kuma abokin gardama kawai take so, wanda za ta kayar kowace safiya ta dawo gida ta ci tuwonta cikin nishaɗi. Lalle da kwalli ba sa hannu ba ne.

Don haka gobe, kafin ki kira kowa, ki shiga ɗakinta ki zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ki ajiye kunyar ɗiya a bakin ƙofa, ki tambaye ta abin da take so. Za ta zage ki, ta ce ba ki da ta ido. Ki jure, ki ci gaba da zama har zagin ya ƙare, amsar tana bayansa. In ta ce a'a, ki tsaya mata a gaban matan unguwa. In ta sunkuyar da kai ta ce ku ne manya yanzu, to kin ji e ke nan, kuma ki daure ki yi mata guɗa kafin ki fita ki yi kukanki.

Allah ya ba Inna lafiya da farin ciki, ya sanyaya zuciyar yayanki, ya raya muku garkarku.

Taku,
Tanti Zalika