Wa Zai Yanke wa Inkar Dabaibayi

Janaozen, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Baljan,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Kuandik, da raƙumanku da na ji an ce yanzu sun fi mutanen birni daraja. Yaya sanyi?

Takarda na rubuto na ba Tolegen direban motar madararki, don in na kira ki a waya dariya za ki yi ta yi har in manta abin da ya sa na kira.

Jiya a kasuwa, a layin mahauta, matar maƙwabcinmu ta tare ni tana washe baki. "Zauresh, barka! Ashe ƙanwarki ce za ta yanke wa jikarki dabaibayi?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, ni na zaɓe ta." Na dawo gida da ƙashin doki a jaka, ban san lokacin da na saya ba. A gaban mahauci nake jin labarin gidana.

Inkar ta fara miƙewa tana dafa bango. Ran ashirin ga wata za a tara mutane, a ɗaure mata zaren baƙi da fari a ƙafafu, a miƙa wa wani wuƙa ya yanke. Kin san ba kowa ake miƙa wa wuƙar nan ba, tunda tafiyar mai yankan da sa'arsa yaro zai ɗauka har ƙarshen rayuwarsa. Yara goma sha ɗaya na yanke wa a garin nan. Lokacin da gangar mai take dala ɗari, iyaye har ƙofar ɗakin gwajinmu suke zuwa jirana. "Zauresh mai farar riga, Zauresh mai sauri, muna so 'yarmu ta biyo sawunki." Shekara ashirin da shida ina gwada ɗanyen mai. Yanzu ganga ta faɗo ƙasa da talatin, an ba mu hutun dole ba albashi, sai ga shi wai ƙafata ta daina kyau. A wata biyu! Ƙafar dai ita ce, na duba.

Na san aikin Akmaral ne. Tun ranar da ɗana ya auro ta take kallon kwabar littattafaina kamar mai lissafin inda za ta sa firji. Amma ke? Ke da kike tafiya kamar agwagwa ta ƙoshi? Ke da na yi wa aikin gida na makaranta shekara takwas, kika fito makaranta ba ki san bambancin gishiri da kanwa ba?

Ki ce musu ba za ki iya ba. Ba shawara nake ba ki ba.

Ki gai da Kuandik. Ku huta lafiya.

Yayarki,
Zauresh

Shetpe, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Zauresh,

Na amsa sallamarki, na gaishe ki da girmamawa. Muna lafiya. Raƙuma ma suna amsawa, sun ce su ba su san sun yi daraja ba, ciyawar jiya suke ci.

Tolegen ya ce da kika miƙa masa takardar sai da ya duba ko ta ƙona masa hannu. Na karanta sau biyu. Agwagwar ta yi dariya.

Yaya, ki bar Akmaral, ba ruwanta. Sagindik ɗanki ne ya zo da ƙafarsa, makon jiya, ya zauna ya sha shayi kofi huɗu kafin ya iya buɗe baki. Ya ce, "Inna, ke nake so ki yanke wa Inkar." Na ce, "Kai, uwarka ta sani?" Ya ce, "Za ta sani." Daga nan ya fita da Kuandik, suka zagaya garke, suka leƙa rijiya. Ya yi ta tambaya: lita nawa ake tatsa, shaguna nawa a Aktau ke karɓar shubat ɗinmu, nonon raƙumin nan mai tsami, ko injin sanyaya madarar yana bukatar mai walda. Na ɗauka kin san da wannan ma. In ba ki sani ba, ki tambaye shi, ba bakina ba ne.

Yanzu ki saurare ni, sau ɗaya dai. Sha ɗayan nan da kike faɗa, shida a cikinsu ina wurin. Ni ce a bayan gida ina soya baursak, fanken nan namu na biki, ina jin tafi daga ɗaki. Kina fitowa da kyautar yadi a kafaɗa ki ce, "Baljan, ungo, ni na gaji da su." Ina karɓa in yi godiya, in je in yi kukana a motar haya. Shekara arba'in da tara gare ni. Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma ba a miƙa wa mace irina wuƙa, kin san abin da ake cewa. Ba wanda ya taɓa kallon ƙafafuna ya yi wa ɗansa fatan su sai yaron nan.

Ba zan ce ba zan iya ba. Na riga na kaɗa zaren da hannuna, daga gashin raƙumata.

Na aiko miki da shubat kwalba biyu. Ki sha, yana sanyaya zuciya.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Baljan

Janaozen, 10 ga Fabrairu

Baljan,

Gaisuwa. Shubat ya iso, na ba maƙwabta.

Na tambayi Sagindik. Ya shigo da rana da kayan aikinsa a jaka, don kamfanin da yake wa walda ya sallame su, su arba'in, tun kafin sabuwar shekara. Wata biyu yana fita da safe yana zaga gari don kada in sani. Na ce, "Wato garken Inna za ka koma?" Ya ce, "Mama, in bazara ta shigo." Na ce, "Da matar da 'yar?" Ya ce, "To zan bar su ne su ci bututu?"

Na ce masa, "Kai jariri ne. A casa'in da takwas ganga ta sauka har dala sha ɗaya, albashin ubanka da buhun taliya aka biya shi, muka daure, ta tashi. Mai haka yake, ya sauka ya hau. Na karanta tarihinsa tun daga rijiyar farko, kai ko takardar sallamarka ba ka karanta ba." Sai ɗan nan da na haifa ya dube ni ya ce, "Mama, ke kike gwada abin da ke fitowa daga rijiyoyin nan. Faɗa mini, a cikin guga goma, nawa ne mai?"

Amsar ba ta kunnensa ba ce, Baljan. Ke zan gaya wa, tunda ba za ki gane ba. Ɗaya ne. Sauran tara ruwan gishiri ne. Rijiyoyin sun tsufa, sun girme ni. Da ganga na ɗari, tatsar tsohuwa ma riba ce, kowa ya yi gidan bene, kowa ya yi bikin mutum ɗari biyar, ba wanda ya dasa ko itace ɗaya da za a ci. Garin nan ba shi da kogi, ba shi da gona, ruwan shanmu ma daga nesa ake turo shi. Ko farashin ya dawo, ƙasar ba za ta dawo ba. Shekara goma da sanin haka, ina rubutawa a rahoto, ana sa hannu ana jefawa a durowa.

To amma sai me? Don na yi gaskiya sai a hukunta ni da ke? Ni na fita daga ƙauyen nan da akwati ɗaya, na kwana a ɗakin ɗalibai mai ƙanƙara a bango, don kada jinina ya ƙara tsugunawa ƙarƙashin raƙuma. Ke kika zauna, don ba inda zai karɓe ki. Ba hangen nesa kika yi ba, Baljan, zama kika yi, duniya ta zagayo ta same ki a inda ta bar ki. Yanzu a ce ke ce mai sa'a!

Shekaranjiya na haɗu da uwar Daulet, yaro na uku da na yanke wa. Yana Koriya yana ɗaukar kaya, ba takardu. Ta gan ni ta tsallake titi. Kamar ni na karya farashin mai da wuƙar girki.

Kin ce kin yi kuka a motar haya. Ban sani ba. Da na sani ma ban san abin da zan yi ba. Amma wannan jikata ce. Ki nemi taki sa'ar a wani gidan.

Ki gai da mutanen gida.

Zauresh

Janaozen, 17 ga Fabrairu

Zuwa ga Baljan,

Ina gaisuwa. Ba ki ba ni amsa ba, to ba sai kin wahala ba, an gama.

Jiya Talata Akmaral ta kawo mini Inkar, za su je sayen ragon biki. Suna fita na kulle ƙofa. Na warware bakin tsohuwar rigar sanyin marigayi mijina, mai baƙi, na haɗa da farin zaren ɗinki, na murɗa. Na shimfiɗa farin mayafin tebur a ƙasa. Na tsayar da ita a jikin kujera, na ɗaure ƙafafun, na yi bismilla, na ce mata, "Ki yi sauri kamar kakarki, kada ki yi tuntuɓe, kada ki jira kowa." Na yanke.

Ta yi taku uku, ba dafa komai. Uku! Na farko a rayuwarta, kuma a gabana, ba a gabanki ba. Ran Asabar ki zo ki yanke naki zaren na gashin raƙuma, a yi miki tafi, a ɗora miki yadi. Ni da ke mun san saura kika samu.

Na so in tsaya a nan.

A taku na huɗu ta kife, goshinta ya bugi ƙafar tebur. Ba wani ciwo ba ne, ɗan ƙulu ne, na ce wa uwarta a jikin kujera ta zame. Amma yau da safe na je gidansu, an tsayar da ita, ta ƙi. Ko bangon da take dafawa ta daina dafawa. Sai ta zauna ta riƙe ƙafarta tana kallona.

Ni mai ilimin sinadarai ce. Na san zare zare ne, na san yaron da ya faɗi yakan ji tsoro kwana biyu. Amma tun jiya nake jero sha ɗayan nan a kaina, ɗaya bayan ɗaya, ina neman guda da ya tsaya da ƙafarsa. Na sami biyu, su ma ba a garin nan suke ba. Wace hanya na ɗora wa yarinyar nan, Baljan? Tawa ta ƙare a ƙofar ɗakin gwajin da aka sa wa kwaɗo.

Ki zo da wuri ran Asabar. Kada ki gaya wa kowa.

Yayarki,
Zauresh

Shetpe, 18 ga Fabrairu

Yaya,

Na gaishe ki.

Yarinya za ta yi tafiya, ki daina firgita kanki. Ba ita kika yi wa ba. Ni kika yi wa.

Takalma, yadi, littattafan makaranta, duk sauranki na saba karɓa, ban taɓa cewa komai ba. Wannan ɗayan ne aka ce nawa ne tun daga farko. Ba zan tsaya a gaban mutum sittin in yi wasan kwaikwayo da wuƙa, ke kina gefe kina kallona kin san abin da kika sani ba. Ba zan zo ba.

Ban gaya wa Sagindik komai ba, kuma ba zan gaya masa ba. In ya tambayi dalili, yana da uwa.

Allah ya ba ki lafiya.

Baljan

Janaozen, 21 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Baljan,

Sallama, da fatan kin tashi lafiya.

Na faɗa. Jiya, an yanka rago, an cika ɗaki, iyayen Akmaral sun zo tun daga Beineu, kowa na leƙen taga yana jiran motarki. Na miƙe na faɗa da bakina, duka, har da ƙulun goshin. Uban Akmaral ya ajiye kofinsa. Wata tsohuwa ta ce, "Lailaha, mai karatu ma?" Sagindik ya juya mini baya, har yanzu fushi yake da ni. An ci naman dai, ba a bar ko ƙashi ba, mutanen garin nan ba su da kunyar da za ta hana su cin nama a wannan shekarar.

Tsofaffi sun ce yankan da aka yi a ɓoye, ba shaida ba addu'ar jama'a, ba yanka ba ne. Ban yarda da su ba, amma na ƙyale su. Su Sagindik ba za su jira bazara ba. Ran Lahadi mai zuwa za su taho Shetpe da kayansu, a yanke wa Inkar a gidanki, a kan ƙasar da za ta taka. Ba a gayyace ni ba, ban kuma nema ba.

Ban ce ki yafe mini ba. Ban ce kuma na daina jin zafin ke ce ba, ƙarya zan yi.

Ki wasa wuƙar sosai, ki janye tebur daga gabanta. In ta taka, ki ƙirga, ki rubuto mini ko nawa ta yi. In sun wuce uku, ki ce kawai ta yi tafiya.

Ki huta lafiya.

Yayarki,
Zauresh