Takardar da Ke Bangon Littafin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, ya kuma sa albarka a aikin da ya riƙe ka a can. Mu nan muna nan yadda ka san mu. Auta ta saba da aikinta na kantin magani, har ta fara yi mana faɗa a kan shan shayi da sukari. Baban yara ya gyara famfon tsakar gida da kansa, a da ɗiga yake yi, yanzu feshi yake yi. Goggo ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna waya kusan kullum. Dalili biyu ne. Na farko, idon Baba ne ya tafi, kunnensa yana nan garau, ko a bayan gida na tsaya da waya sai ya ji. Na biyu, kai ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Takarda kuwa ba za ka iya katse ta ba, sai dai ka ajiye ta, kuma ina roƙonka kada ka ajiye.

Ka san tun da Baba ya rufe shagon gyaran agogo ni nake karanta masa littattafansa na 'yan bincike da kisan kai, kullum bayan la'asar, yana kan kujerarsa ta bakin taga, ni ina gefen gado. Ka kuma san al'adarsa, ko da yake kai ba ka taɓa zama an ƙare littafi da kai ba, shafin ƙarshe kake fara leƙawa ka tashi abinka. Idan muka kai shafi na hamsin sai Baba ya ce a tsaya. Zai karɓi guntuwar takarda da alƙalaminsa mai kauri, ya rubuta wanda yake ganin shi ya yi kisan, ya ninke, a soke a bangon baya. Ba mai buɗewa sai ran da aka ƙare, a ranar kuma dole a karanta da ƙarfi. A shekarun nan duk sau biyu kawai ya faɗi, kuma har gobe yana cewa laifin marubutan ne.

Na sha tambayarsa yadda yake yi. Ya ce ba wani siddabaru, marubuci kamar mai haɗa agogo ne, ba ya saka noti ko ɗaya da ba shi da aiki. In aka ambaci wani abu sau biyu ba a yi komai da shi ba, to a riƙe shi. Wanda aka fara zargi tun da wuri, mai baƙar fuska da faɗa, wannan a sallame shi ya tafi gida. Wanda aka ce ya mutu amma ba a ga gawarsa ba, a ajiye masa abinci, yana nan tafe. Mai kirkin da ya wuce kima a sa masa ido. Amma abin da ya fi so shi ne ya kama mai ba da labarin da kansa, wanda zai bayyana maka launin labule da ƙarar takalmi, sannan ya tsallake rabin awa da kalma huɗu. Baba ya ce maƙaryaci mai wayo ba ya ƙara komai, ragewa yake yi.

To, littafin da muka ƙare ran Talata labarin wani mai otal ne da aka tsinci gawarsa a ofishinsa. Akwai kuku mai zafin rai da suka yi cacar baki, akwai lauya abokinsa mai yawan jaje, akwai wata lema da aka yi ta ambato alhali ba ruwan sama, kuma manajan otal ɗin ne ke ba da labarin. Ni lauyan na zaɓa. Da muka kai shafi na hamsin Baba bai karɓi guntuwar takarda ba, ya ce in yago masa falle biyu daga littafin rubutun yara. Ya daɗe yana rubutu, hancinsa kusan a kan takardar. Na ɗauka idon ne ya ƙara lalacewa. Ka ga irin ɗalibar da Baba ya samu, shekara bakwai ina karatu a gabansa ban koyi komai ba.

Ran Talata aka kama manaja a ƙarshen littafin, na zaro takardar na buɗe. Layin farko ya rubuta manaja, da dalilinsa: ya hau bene ƙarfe huɗu, ya ce bayan ya gama abin da zai yi ya sauko, bai faɗi abin da ya yi ba. Na yi dariya na ce ya sake ci. Sai na ga rubutun bai ƙare ba. Na duba layi na biyu na dakatar da karatun. Baba ya ce in ci gaba, doka doka ce, da ƙarfi ake karantawa.

Yaya, mu ya rubuta. Ya ce ciwon da ke cikinsa ba gyambon ciki ba ne kamar yadda muka gaya masa, likita ya sanar da mu ba zai tashi ba, mu kuma muka haɗa baki muka ɓoye. Sannan ya jero hujjojinsa kamar yadda yake yi wa littafi. Shekara goma ana hana shi gishiri da soyayyen nama, rana ɗaya aka fara tambayarsa me ransa ke so. Goggo, wadda tun suna yara ba su taɓa yin minti goma ba su yi musu ba, ta koma kiransa Yaya tana gyara masa matashi. Auta ta juye magungunansa daga kwalayensu zuwa kwalba marar rubutu, ta manta cewa mutumin da ya yi shekara arba'in yana lalubar notin agogo ya san bambancin ƙwaya da ƙwaya da yatsa. An ambaci hoton ciki sau biyu, ba a sake maganarsa ba. Ni kuma, wai ni ce manaja. Ran da muka je asibiti na dawo na ba kowa labarin layi da zafi da matar da ta yi faɗa da mai gadi, amma minti ashirin da likita ya kira ni in sa hannu a takarda, na tsallake su.

Kai ne a layin ƙarshe. Ya ce a irin wannan labarin wanda ya tsara abin ba ya cikin ɗakin, yakan zama wanda ya fi kowa nisa da wurin, kuma ya fi kowa kyakkyawar hujja. Mutumin da sai a yi wata ba a ji muryarsa ba, in ya kira ma yana sauri zai shiga taro, ga shi yanzu yana kira sau uku a mako yana tambayar ko an yi barci da kyau. Ya rubuta kwanan wata a ƙasa. Kwana tara ne kacal bayan ka kira mu ka ce kada wanda ya kuskura ya gaya masa. Wato sati uku muna ta wasan kwaikwayo a gaban mutumin da ya riga ya ninke amsarsa ya soke a bango.

Bai yi fushi ba, kuma bai yi kuka ba, ni ce na yi. Ya bari na gama, sannan ya tambaye ni wata nawa likita ya ce. Na gaya masa gaskiya, uku zuwa huɗu, kuma ɗaya ya riga ya tafi. Ya ce shi shida ya yi tsammani, ashe ya faɗi karo na uku. Sai ya ba da umarni. A mayar da magani cikin kwalinsa, Auta ta karanta masa sunan kowanne. Goggo ta daina lallaɓa shi, kirkinta ya fi ciwon damunsa. Gishiri da nama kuwa a bar su yadda suke, wannan ɓangaren makircin ya yi masa. Jiya sun yi musu da Goggo a kan wanda ya fasa tulun mahaifiyarsu shekara sittin da suka wuce, ta fito tana zage-zage tana share hawaye, shi kuma ya ci abincinsa tas.

Ban ce ka yi mugun nufi ba. Ka ce in ya sani zai karaya, kuma duk muka yarda da kai don kai ne babba, ni ma ban musa ba. Amma na yi tunani a kwanakin nan, kuma zan faɗa maka ko ranka zai ɓaci. Muddin Baba bai sani ba, kana da dalilin ƙin zuwa, don kai da bakinka ka ce in ya gan ka ba zato zai gane, gara ka bari sai ƙarshen shekara in aiki ya lafa. To ya gane, Yaya. Wannan hujjar ta faɗi. Ƙarshen shekara kuma saura wata biyar, ka yi lissafin da kanka. Na san ba rashin so ba ne, kai dai tun da can ba ka iya zaman jiran ƙarshen abu, ko lokacin jinyar Mama a bakin ƙofar asibiti ka yi ta tsayuwa. Ni ma tsoro nake ji, kullum da safe sai na tsaya a ƙofarsa na ji tarinsa kafin in iya shiga.

Ran Laraba na kawo masa littattafai uku ya zaɓa, da gangan na ɗauko sirara. Ya shafa su ya ture, ya ce in sauko da mai kaurin nan na saman kabad, shafi ɗari biyar da wani abu. Kafin in buɗe shafin farko ya ce a ba shi takarda. Na ce ai ba mu kai hamsin ba, ya ce wannan hasashen ba na littafin ba ne, naka ne, ko za ka zo ko ba za ka zo ba. Ya rubuta, ya ninke, ya sa na kawo gam ya liƙe bakin, ya soke a bangon baya. Ya ce ba ni zan buɗe ba, kai za ka buɗe, kuma da ƙarfi za ka karanta a gabansa. Na ɗaga ta a hasken taga ban ga komai ba, ya ji motsina ya ce in ji kunya. Wallahi ban san abin da ya rubuta ba, don haka ban san ko in yi addu'a ya ci ko ya faɗi ba.

Shafi goma muke yi a rana, ran da jikin ya matsa biyar. Yau mun tsaya a na talatin da biyar.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka shafa mini kan Babba da Ƙarama, ka ce musu kakansu yana ajiye da agogon da ya yi musu alkawari. Goggo tana gaishe ka, ta ce sauran maganar sai ta gan ka. Auta da Baban yara suna gaisuwa. Na tambayi Baba ko yana da saƙo in sa a takardar nan, ya ce a'a, saƙonsa yana bangon littafi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, kuma da wuri.

Ƙanwarka,
Manaja, in ji Baba.