Hashiyarka a Littafin Turawa, Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba Malam. Gaisuwa mai tarin yawa tare da ladabi da biyayya, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci.

Bayan gaisuwa, akwai maganar da na ɓoye maka har ka koma ga Allah. Gobe za a zauna a kaina a wurin aiki saboda ita, shi ya sa na ce gara kai ka fara ji.

Ka tuna littafin nan mai jan bango da na aro daga laburaren jami'a ina ajin ƙarshe? Wasan kwaikwayo ne na Turawan Ingila na dā, irin wanda ake ƙarewa da gawarwaki a kan dandamali. A lokacin sababbin littattafai sun daina zuwa daga waje. Kwafi ɗaya tal gare mu duk ajin, mai sharhin malamansu da hotunan yadda ake yin wasan. Juma'a ake ba da aronsa, Litinin a mayar.

Bayan la'asar ka gan ni da shi a tsakar gida, ka ce in karanta maka. Ina karantawa ina juyawa da Hausa, kana kan buzu kana gyaɗa kai. Da muka zo inda sarkin wasan ya gane shi ya rushe gidansa da hannunsa, ka daina gyaɗa kai. Can ka ce ashe su ma sun san nadama.

Sai ka ce in ɗora yatsa a daidai wurin. Ka jawo kurtun tawada da alƙalamin kara, ka shiga yi masa hashiya da ajami a gefen shafi, kamar yadda kake yi wa littattafan fiƙihunka. Littafin aro ne, amma ina ni ina hana ka? Kai da kullum kake cewa littafin da gefensa ke fari fat, ba a girmama shi ba. Kafin Litinin ka girmama shi sosai.

Shugaban laburare da yatsu biyu ya ɗaga shi, ya ce wani jahili ya yi masa zane-zane. Jahili, Baba! Kai da ake tahowa tun daga Ƙofar Gayan har Kufena a ɗauki karatu a gabanka. Ya miƙo mini takarda in sa hannu cewa ɓarna aka yi. Na ce littafi dai ba namu ba ne, wannan laifin na ɗauka, amma rubutun ubana ba zan kira shi ɓarna ba. Ya ƙwace katin arona, ga jarrabawa ta ƙarato.

Ban gaya maka ba. Kullum kana tambayata ko malamanmu sun ga hashiyar, ni kuwa sai in ce sun gani, in tashi da sauri. Ƙawayena ke aro mini littattafai, ina kwafewa da hannu a gindin bishiya har yatsana ya yi kanta. Haka na ci jarrabawar.

To, yau a laburaren nan nake aiki, kuma da gangan na nemi wurin. Littafin yana nan, bangonsa har ya saki saboda aro. Ɗaliban da ke shirya wasan, mai ajamin nan suke cewa a ba su. Wanda ya fito a sarki bara ya gaya mini bai san yadda zai yi kukan ba sai da ya karanta inda ka rubuta cewa ba mulki mutumin nan yake wa kuka ba, kansa yake wa.

Yanzu wai kwamiti ya tsamo littattafan da suka lalace za a ƙone, da naka a ciki, kuma ni aka ba hatimi in buga. Na ƙi. Na zauna gaban tafireta na buga masa sabon kati, a ƙarƙashin sunan littafin na sa: tare da hashiyar Malam Abdu na Ƙofar Jatau. Na jefa shi akwatin katuna inda kowa zai gani. Shi ne aka ba ni takardar tuhuma, wai na wuce matsayina.

Su yi ta zama! Bature ya yi sharhi an buga da inji, an ce ilimi ne. Kai ka yi naka da kara, an ce datti. Wallahi ba zan cire katin nan ba, kuma ba zan buga hatimin ba. In kora ce, a kore ni, ai an taɓa ƙwace mini kati ban mutu ba.

Ɗazu na buɗe shafin nan na farko. Tawadarka ba ta koɗe ba, Baba. Har shatin babban yatsanka yana nan a kusurwa, inda ka danne takardar. Na ɗora nawa a kai, na yi kukan da ban yi ba a ofishin shugaban laburaren nan.

Ka yafe mini guntuwar amsar da na riƙa ba ka. Ga cikonta yau: sun gani sun raina, amma ɗalibansu a wurinka suke ɗaukar karatu.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane harafi da ka rubuta ya zame maka sadaka mai gudana. Ni kuma Ya tsayar mini da harshena gobe. Amin.

'Yarka da ta ɗora maka yatsa,
Hajara