Darasi a Barandar Mai Tudu

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Inna na gaishe ka.

Bayan haka, na je koyon kasuwanci ta intanet ɗin da ka cusa sunana a ciki. Ka san a bakin tafkinmu waya sai dai a duba fuska da ita, don haka duk mu masu masaukin baƙi muka kwashi jiki zuwa barandar Mai Tudu, mai masaukin nan na kan tudu, inda sabis yake kamawa. Mutumin da ko guga bai taɓa ba mu aro ba, ranar har kujeru ya jera mana yana washe baki.

Malamin wani ɗan siriri ne a cikin kwamfuta, da ganinsa bai taɓa wanke zanin gadon baƙo ba. Wai mu riƙa murmushi a hoto. Ni da na gaji sana'ar nan daga Baba, yau ni ake koya wa murmushi! Daga ƙarshe ya ce kowa ya buɗe taswira a wayarsa, ya rubuta sunan masaukinsa, ya danna "ina nan". Muka danna, aka tafa, aka watse.

Inna ta ce idan hutun bana ma ɗakuna suka kwana babu kowa, za ta sayar wa Mai Tudu da masaukin, ta gaji da facin rufi. Ina jiran baƙin intanet ɗin naka.

Taka,
Yaya

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, direba ya kawo mini takardarki, na ɗan duba ta a tsaitsaye saboda ayyuka. Wannan raini naku shi ya hana ku ci gaba. Duniya ta yi nisa, ku kuna nan kuna jiran baƙo ya tsaya a hanya ya tambayi mai faci inda ake kwana. Na ga sunan masaukinmu ya fito a intanet, har mutane sun fara yabo. Ogana ma zai zo da iyalinsa, ni na ba shi sunan. Don Allah a goge tagogi, kada a ba ni kunya.

A gaida Inna.
Ƙaninki

Auta,

Ina gaisuwa. Na goge tagogin har hannuna ya saɓule, Inna ta sa an yi wa kwalekwalen Baba fenti. Hutu ya raba tsakiya, baƙonmu ɗaya, shi ma mota ce ta lalace masa. Kullum ina tsaye a ƙofa motoci na wuce ni suna hawa tudu, kowane direba idonsa a kan waya. Masu yabon naka ko aljanu ne? Ogan naka ma ban ga ƙeyarsa ba. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Yaya

Yayata,

Ina gaishe ki da Inna. Oga ya dawo yana ta sa mini albarka. Ya ce masaukinmu ya yi, musamman barandar da ake hango tafki daga sama, da kawuna mai tumbi da ya tarbe su. Yaya, yaushe muka yi baranda? Wane kawu? Na buɗe taswira, sai ga sunanmu da na duk maƙwabta a cunkushe a kan tudu. A ina kike zaune lokacin da kika danna? Ki roƙi Inna ta dakata, gyaran ba wuya, ina nan tafe ƙarshen wata.

Naki,
Auta

Auta,

Gaisuwa. Ina zaune a inda na gaya maka, a takardar da ka duba a tsaitsaye.

Kada ka wahalar da kanka. Jiya kawun naka ya sauko, Inna ta miƙa masa makullai. Na ce ya bari in cire allon sunan Baba, ya ce a'a, baƙi sun saba da shi.

Ka gaida oga.
Yaya