Gwajin Leɓe

Unguwar Gabas, Sabon Gari
4 ga Maris, 2003

Zuwa ga uwata Liya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Na san za ki ce tsakanin Samaru da Sabon Gari bas ɗaya ce, me ya kawo wasiƙa. To, ubanki ya yi aji huɗu a firamare, dole ya mori abinsa kafin ya ruɓe.

Ga alabe nan na ɗinka miki, na ba Kayode direba. Tunda makarantar fata kike, ki duba mini wajen masu sayar muku da kayan aiki. Ina son basilla siririya, da ƙarfen huda mai haƙora shida, wanda ake bugawa sau ɗaya ramuka su fito a jere. Na sha cewa kayan ragwaye ne. Yanzu na shiga ƙungiyarsu, har ina neman shugabanci. Basillar kuwa, kada ƙyalli ya ruɗe ki. Ki goga tsininta a leɓenki na ƙasa, a hankali, yadda na koya miki. In ta ja, ko kaɗan, ki bar musu kayansu. Abin da ya ja leɓe zai yaga fata.

Madam Ukachi ta ba ni rigunan Littafi Mai Tsarki na zumuntar mata. Na kai biyar, ta dawo da uku, wai ba ta ce a yi da shuɗin zare ba. Ni dai baƙi na saka, sai in a hanya ya sauya.

Ki huta lafiya. Ubanki, Luka baduku.

Samaru, 9 ga Maris

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da ladabi, na ga alabe, na gode. Ga basilla da ƙarfen nan. Guda bakwai na gwada kafin na samu wadda ba ta ja, mai shagon har ya tambaya ko yunwa nake ji.

Baba, ɗinkin alaben ba shi da aibi, domin hannu ke yin sa. Amma rinin bakinsa ya zubo har kan fuska a wuri uku, kai kuwa na san ka taɓa warware jaka guda saboda ɗigo ɗaya. Layukan wasiƙarka ma suna hawa kan juna. Tun yaushe idon ya fara? Zan zo ranar Asabar mu je asibitin ido.

'Yarka mai biyayya, Liya.

Sabon Gari, 17 ga Maris

Uwata,

Gaisuwa mai yawa. An ce kin zo Asabar kin tarar da shago a rufe. Ina ciki. Na zauna kan buhun fata ina jin kina ƙwanƙwasawa, ƙato da furfura yana ɓuya wa 'yarsa.

Shekara biyu ke nan. Idon dama ya tafi, sai fari kamar an zuba koko. Na hagu ina gani da shi kamar ta cikin leda. Zare a allura da harshe nake laluba. Bakin fata in na goge da ƙaho da kakin zuma, yatsa ke gaya mini ya yi santsi. Kullum da safe nakan rufe na dama in duba ko na hagun yana nan.

Asibiti kuwa, Liya, mamarki da ƙafarta ta shiga. Suka ce za su sa ta barci kaɗan. Kin san sauran.

Adebayo mai gyaran agogo ya ce akwai wani mai cire yanar ido da ke zuwa bayan tasha ranar Alhamis. A zaune yake yi, da tsinken ƙarfe, ba barci, ka tashi ka tafi gida. Shi zan gwada. Kada ki zo, in na gan ki zuciyata za ta karye, ko da yake ganin naki ma yanzu sai an taimaka.

Ubanki matsoraci, Luka.

Samaru, 18 ga Maris

Babana,

Ina gaisuwa. Na tambayi wata likitar ido a cocinmu. Ta ce ba cire yanar yake yi ba, tura ta yake cikin ido, kuma idon da aka yi wa haka sau da yawa ba ya gyaruwa. Ta ce a asibiti ba sa sa barci, zafin idon kawai suke kashewa.

Ba ni da ikon hana ka. Abu ɗaya nake roƙo. Ba ka taɓa barin ƙarfe ya shiga fatar akuya ba sai ka gwada shi. Kafin ya taɓa ka, ka karɓi tsinken nasa ka yi masa gwajin da ka koya mini.

Ban iya cin abinci ba tun jiya. Liya.

Sabon Gari, 21 ga Maris

Uwata,

Gaisuwa. Na je. Mu huɗu ne a kan benci. Wani tsoho aka fara yi wa, mutum biyu suka riƙe masa kai. Ban ga komai ba, amma na ji yadda diddigensa ke kartar ƙasa. Da aka ce saura ni, wandona ne kawai ya san halin da nake ciki.

Na zauna, mai cire yanar ya ɗaga mini haɓa, ina jin warin taba a yatsunsa. Sai na ce ya ba ni tsinken in duba. Ya ce ba a taɓawa, na gado ne. Na ce ni ma idon na gado ne. Mutane suka yi dariya, ya miƙo don kunya.

Na ɗora a leɓe. Liya, bai ja ba, yanka ya yi. Tsinin ya lanƙwashe, gefe ɗaya duk kaushi, ga ɗanɗanon tsatsa da na wani abu da ba na son in ambata. Na ce masa, “Malam, da wannan ko takalmin jaki ba zan huda ba.” Ya ce in makance a gida. Na ce na gode, aƙalla a gida ne.

Adebayo ya riƙo ni har unguwar PZ. Tsoro bai tafi ba, wuri ya sauya. Ki zo Litinin ki kai ni asibiti. Ki riƙe hannuna, kuma ki gaya wa likitar zan so in ji wuƙarta.

Ubanki, Luka.

Sabon Gari, 15 ga Afrilu

Uwata,

Gaisuwa. Likitarki ta hana ni wuƙar, amma ta iya ɗinki, ki gaya mata baduku ya yaba.

Yau na buɗe shago. Zaren shuɗi ne, na je na ba Madam Ukachi haƙuri. Ki ba Kayode alaben nan ya dawo mini da shi. Yanzu na san abin da na aika miki.

Ubanki da ke ganin layi, Luka.